Kati Ɗaya, Kwamfuta Goma: Yadda Ake Rabon GPU

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Kurugu da sauran garuruwan ƙasar Ƙaraye, da 'yan uwanmu na Rogo, musamman malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyin ci gaban gari, domin su zancen yau ya fi shafa.

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta bar jarrabawar takarda da fensir ta koma kwamfuta kacokan. A 2024 WAEC ma ta soma da ɗalibai masu zana jarrabawa daga waje. Don haka duk garin da ke son 'ya'yansa su wuce sakandare, tilas ya fara tunanin ɗakin kwamfuta. Wani gari ɗan majalisa ne zai kawo, wani ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, wani kuma wani bawan Allah ne zai zuba jarinsa. Ko ma wane ne, a ƙarshe takarda ɗaya ce za ta zo gaban kwamiti: jerin kayan da ɗan kwangila ya ce a saya. To a irin wannan jeri akwai wani abu da a 'yan shekarun nan kuɗinsa kan ɗara na sauran kaya, wato katin hoto, wanda aka fi sani da GPU. Tambayarmu ta yau: shin kati ɗaya zai iya yi wa mutum 10 ko 16 aiki a lokaci guda? Zai iya. Sai dai rabon iri-iri ne, kuma wanda bai san irin rabon da aka sayar masa ba, cinikin biri a sama ya yi.

Mu fara da katin kansa. Kowace kwamfuta tana da firosesa, ita ke tafiyar da komai. Sassan lissafinta ƙalilan ne, 4 ko 8 ko 16, amma kowanne gwani ne, duk aikin da aka miƙa masa zai yi. Katin hoto kuwa sassansa dubbai ne, kowanne ɗan ƙaramin lissafi ya iya, amma duk a tare suke yinsa. Me ya kawo haka? Ku dubi fuskar kwamfuta. Wadda aka saba gani tana da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, jimla sama da ɗigo miliyan 2, kuma kowane ɗigo sai an sake lissafa launinsa sau 60 a cikin sakan ɗaya. Wannan aiki ba wuya gare shi ba, yawa gare shi. Kamfanin Nvidia na Amurka ne ya yayata sunan GPU a 1999, a lokacin kuwa 'yan wasan gem ne manyan masu saye.

Labari ya sauya a 2012. A Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da malaminsu Geoffrey Hinton suka ɗauki katin gem guda 2, suka koya wa kwamfuta gane abin da ke cikin hoto, suka yi wa abokan gasarsu fintinkau. Daga nan duniya ta gane cewa lissafin da ke zana hoto shi ne dai lissafin da ƙirƙirarriyar basira ke buƙata. Manyan kamfanoni suka yi caa a kan katunan, farashi ya tashi. Yau mai tace fim a Zoo Road a Kano, da ɗalibin zanen gini a Wudil, da mai binciken da ke koya wa kwamfuta jin Hausa a Jami'ar Bayero, duk kati suke nema, kuma a kasuwa ɗaya suke ciniki da attajiran duniya.

Sai abu na biyu, wanda masu sana'ar ke ce wa VM, mu kuma za mu kira shi kwamfutar-ciki. A ɗauki babbar kwamfuta mai ƙarfi, irin wadda ake kira saba. A saka mata wata manhaja mai rabo. Manhajar sai ta yanki wani ɓangare na firosesa, ta yanki RAM, ta yanki ma'ajiya, ta haɗa su, ga kwamfuta guda. Ta sake yanka, ga ta biyu, ga ta uku. Kowacce da Windows ɗinta ko Linux ɗinta, ana kunna ta ana kashe ta ba tare da 'yar uwarta ta sani ba. Ɗalibi yana zaune gaban allo da madannai da ɗan ƙaramin akwati mai arha, yana ganin kwamfutarsa ce shi kaɗai, alhali aikin can cikin saba ake yinsa. Dabarar tsohuwa ce. Kamfanin IBM ya fara ta a ƙarshen shekarun 1960, ya fitar da ita kasuwa a 1972. VMware ya kawo ta kan ƙananan kwamfutoci a 1999, a 2007 kuma ta shiga cikin Linux kyauta da sunan KVM.

Firosesa da RAM sun rabu cikin sauƙi. Kati ne ya yi taurin kai. Dalili kuwa, tun asali an ƙera shi ne da zaton ubangida ɗaya gare shi. Yana da RAM nasa na kansa, yana kuma miƙa hannu kai tsaye cikin RAM ɗin kwamfuta ba tare da ya nemi izinin firosesa ba. Ga shi kamfanonin da ke ƙera shi sun daɗe suna ɓoye sirrin yadda ake sarrafa shi. Ka ga kuwa abin da ke taɓa ko'ina yadda ya ga dama, haɗa mutum goma a kansa sai an yi shiri.

Don mu fahimci shirin da aka yi, mu gangara bakin dam ɗin Challawa, wanda aka gina a nan ƙasar Ƙaraye a farkon shekarun 1990. A ce manoman rani 7 ne suka haɗa kuɗi suka sayi injin ban-ruwa ɗaya. Yaya za su yi da shi?

Mafi sauƙi, mutum ɗaya ya ɗauki injin ya kai fadamarsa, ya yi ta ban-ruwa har ya gama, sannan ya miƙa wa na gaba. A kwamfuta ma haka ake yi: a ɗauki katin sukutum a damƙa wa kwamfutar-ciki ɗaya. Tana samun kusan duk ƙarfinsa, kamar a jikinta aka dasa shi. Abin da ake buƙata shi ne firosesa mai wani shinge da ke hana katin miƙa hannu inda ba nasa ba. A na Intel sunansa VT-d, a na AMD kuma AMD-Vi, kuma yawancin kwamfutocin zamani suna da shi, sai dai a shiga a kunna. Aibinsa a fili yake: muddin yana hannun mutum ɗaya, sauran 6 sai kallo, ko da mai riƙe da shi ya tafi sallah ya bar shi a banza.

Akwai kuma tsarin da ba wanda ke taɓa injin sai mai kula da shi, kowa ya aiko da saƙo a ba shukarsa ruwa. A kwamfuta, saba ce ke riƙe da katin, kwamfutocin-ciki suna turo mata buƙatunsu tana isarwa. Yana ɗaukar mutane da yawa, amma kai-komon saƙo yana cin lokaci, kuma ba kowace manhaja ke yarda da shi ba. Microsoft yana da irinsa mai suna RemoteFX, ya kashe shi a 2020, ya cire shi gaba ɗaya a 2021 saboda ɓarakar tsaro. Ba za mu daɗe a kansa ba.

Wanda ya fi yawa a makarantu da ofisoshi shi ne na karɓa-karɓa, kuma a nan nake so ku kasa kunne sosai. Injin yana wuri ɗaya, an ja wa kowa tiyo, ana buɗe wa wannan a rufe, a buɗe wa wancan. Bambancin kawai, a kwamfuta juyin ba na awa ba ne. Kashi 1 ko 2 cikin 1000 na sakan ake ba kowa, a zagayo, a sake zagayowa. Saboda saurin, ido ba ya kama giɓin, kowa yana ganin katin nasa ne. Nvidia ya fito da wannan a 2013, ana kiransa vGPU. AMD ya biyo baya a 2016 da nasa, inda ya gina tsarin juyin a jikin katin, har mutum 16 a kan guda.

Amma ku lura, lokaci ne ake karɓa-karɓa a kansa. RAM ɗin katin yanka shi ake yi, kowa ya riƙe nasa. Ɗauki katin T4, wanda ya fito a 2018, mai gigabait 16. In an raba wa mutum 16, kowa gigabait 1 zai samu. Wannan ya ishi mai rubutu da kallon bidiyon darasi. Mai zanen gini kuwa ba zai motsa da shi ba, shi sai 4 ko fiye, ka ga katin ya koma na mutum 4 ke nan. Saboda haka idan ɗan kwangila ya ce kati ɗaya zai ɗauki ɗalibai 16, bai yi ƙarya ba, amma bai gama magana ba. A tambaye shi: 16 masu yin wane aiki?

Shi kansa juyin yana da ƙa'idoji 3 da mai saitawa zai zaɓa. Akwai wadda duk mai buƙata ya ja iya son ransa. Tana da daɗi in mutane kaɗan ne, amma ranar da wani ya ɗora babban aiki, sai allon kowa ya fara sanɗa, ajin ya cika da ƙorafi, malami ya rasa mai laifi. Akwai wadda ake raba lokacin daidai tsakanin waɗanda suka kunna. Akwai kuma wadda kason kowa a ƙayyade yake, ko sauran suna nan ko ba sa nan. Ni a ganina ajin ɗalibai ta biyun ta fi dacewa da shi, wurin da ake biyan kuɗin awa kuwa ta ukun, domin wanda ya biya ya san abin da ya saya. Kuma ku sani, ta farkon ce ke zuwa a kunne daga kamfani. In ba a sauya ba, ita ke aiki.

Hanya ta ƙarshe ita ce a raba bakin injin gida-gida, kowa da bututunsa, ruwa yana zuba wa kowa a lokaci guda. A 2020 Nvidia ya fitar da katin A100, mai sassan lissafi 6,912, wanda ake iya tsaga shi har gida 7. Sunan tsarin MIG. Kowane gida yana da nasa sassan lissafi da nasa RAM, mafi ƙanƙanta gigabait 5 a katin mai 40. Ba jira, ba wanda zai danne wani, in aikin ɗaya ya rushe sauran ba su ma sani ba. Abin mamaki, wannan katin hoto ba shi da ko kafar da za a jona allo. Na lissafi ne zalla, don jami'o'i da manyan cibiyoyi aka yi shi. Duk wanda ya saka shi a jerin kayan ɗakin kwamfutar sakandare, a tsare shi da tambaya.

Jama'a masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda ake raba katin hoto ɗaya tsakanin kwamfutoci da yawa. Mun ga yadda ake yi. Yanzu sai abin da ba a cika rubutawa a takardar kwangila ba.

Na farko lasisi. Katin gem da ake samu a Beirut Road ko wajen masu kayan kwamfuta na gwanjo, Nvidia bai buɗe masa karɓa-karɓa ba. Sai katunan cibiyoyi, su ma bayan kuɗin kati akwai kuɗin lasisi a kan kowane mai amfani, yawanci shekara-shekara, kuma da dala. In babu lasisi ba mutuwa katin yake yi ba, ja da baya yake yi. Bayan minti 20 hoton ya koma sau 15 a sakan, bayan awa 24 ya koma sau 3, wanda ba mai iya aiki da shi. Ku tuna kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Makarantar da ta tsara kasafinta a farashin farko, lasisinta ya ninka fiye da sau 3 ba tare da an ƙara mata kujera ko ɗaya ba. Wanda ya kawo aikin ya yanke zare an yi tafi ya tafi, shekara na zagayowa shugaban makaranta ne zai nemo kuɗin. Akwai matasa da ke sauko da wata dabara daga intanet su buɗe tsofaffin katunan gem. Tana aiki a wasu, amma ta saɓa wa sharuɗɗan kamfani, kuma sabunta manhaja sau ɗaya na iya rushe ta. Yaro ya gwada a ɗakinsa don koyo, wannan daban. Makaranta kada ta ɗora jarrabawar 'ya'yan mutane a kai.

Na biyu wuta da zafi. Babban katin H100 na 2022 yana shan har wat 700. In ya kwana ya wuni yana aiki, ya sha yunit 16.8. A farashin naira 225 kan kowane yunit da aka sanya wa masu shan wuta 'yan rukunin A a watan Afrilun 2024, naira 3,780 ke nan kullum, kati kaɗai, ban da saba, ban da na'urar sanyaya ɗaki. Kuma galibi 8 ake jerawa a akwati ɗaya, ya riƙa shan wajen kilowat 10. T4 kuwa wat 70 ne, kashi ɗaya cikin goma, sola da batir matsakaita za su riƙe sabarsa. Mu da muka ga yadda Kano da maƙwabtanta suka yi fiye da mako guda cikin duhu a watan Oktoban 2024, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. Ga zafin bazara da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Kati in ya ji zafi da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Sannan kada a manta, tunda kowa a kan saba ɗaya yake, ranar da ta tsaya ɗakin gaba ɗaya ya tsaya. A ɗakin da kowa ke da kwamfutarsa, in ɗaya ta lalace ɗalibi ɗaya ne zai koma gefe.

Na uku sirri. A watan Janairun 2024 masu bincike na kamfanin Trail of Bits suka nuna cewa a wasu katunan Apple da AMD da Qualcomm, ragowar bayanan da wani ya gama aiki da su kan saura a cikin katin, wani ya zo ya karanta. Har amsar da ƙirƙirarriyar basira ta ba mutum suka iya tsinta. Kamfanonin sun bi da gyara, amma gyara sai an sauke shi. Don haka asibiti ko ofishin da ke riƙe da bayanan jama'a, in zai yi tarayya a kati, ya tabbatar akwai mai sabunta manhaja a kai a kai, ba wanda zai zo sai an kira shi daga birni ba.

To ina mafita ga ɗan Kurugu ko ɗan Rogo mai sha'awar wannan ilimi, wanda ba shi da saba ba shi da kati? Akwai aro daga nesa, kuma wasu 'ya'yanku sun riga sun fara. Google yana da wani dandali mai suna Colab. Ka shiga ta burauza, a buɗe maka kwamfutar-ciki a wata cibiya a wata ƙasa, a jona mata kati, galibi T4 ɗin nan da muka ambata, kyauta. Iyakarsa awa 12, sau da yawa ma ba ya kaiwa, sai a karɓe a ba wani. Ɗalibai da yawa a Afirka da irin wannan aro suka fara. Masu bincike irin su Dakta Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa na HausaNLP sun tattara rubutun Hausa da za a koya wa kwamfuta, kamar tarin NaijaSenti na 2022, sun kuma sake shi ga kowa. Yaron da ke da waya da data zai iya ɗaukar wannan tarin ya gwada a katin aro daga ɗakinsa.

Sai dai aro daga nesa ba kowane aiki yake yi wa daɗi ba. Koya wa kwamfuta harshe aiki ne na tura ka jira, ko layin ya yi jinkiri ba komai. Tace fim kuwa, duk motsin hannunka sai ya je cibiyar ya dawo kafin ka gani a allo, in tafiyar ta yi nisa sai aikin ya gundure ka. Kuma hanyar tana yankewa. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka shiga tasku. Shi ya sa kusanci yake da daraja. Galaxy Backbone, kamfanin gwamnatin tarayya, yana da babbar cibiyar adana bayanai a cikin Kano. A watan Maris na 2025 kuma kamfanin Cassava na Strive Masiyiwa ya sanar da haɗin gwiwa da Nvidia don girke irin waɗannan katuna a Afirka, a fara da Afirka ta Kudu, Najeriya na cikin ƙasashen da aka ambata za su biyo baya. Irin waɗannan wurare masu tsayayyiyar wuta da sanyi su ne mazaunin manyan katuna. Namu shi ne mu matsa wa wakilanmu a kawo mana layin intanet mai ƙarfi, jami'o'inmu kuma su haɗa kai su nemi kaso.

Ga ra'ayina a taƙaice. Ɗakin da aka gina don JAMB da koyon rubutu da lissafin ofis ba ya buƙatar katin hoto na musamman ko kaɗan. Ɗan abin da ke cikin firosesa ya wadatar, a kai kuɗin wajen sola da batir da fanka. Shagon tace bidiyon biki mai ma'aikata 2 ko 3, kowa a saya masa matsakaicin katinsa, ya fi arha a kan lasisi. Kwalejin da ke da aji guda na masu zanen gini ko taswira, waɗanda ba kullum suke aiki ba, nan ne karɓa-karɓa ke biyan kuɗinsa, da ƙaramin kati mara shan wuta.

Iyayenmu 'yan kwamiti, ranar da aka kawo muku takardar, kada nauyin baki ya hana ku tambaya don kalmomin na Turanci ne. Ku ce a faɗa muku wane irin rabo ne. Ku ce gigabait nawa kowane ɗalibi zai samu. Ku ce lasisin nawa ne a shekara, da wane kuɗi ake biya, kuma wa zai biya a shekara ta biyu. Ku ce wat nawa sabar take sha, in ta tsaya wa zai tashe ta, a ina yake zaune. Amsar kuma a rubuce kuke so, da sa hannu. In ba a kawo ba, kada ku sa naku hannun.